Ganga ko Ƙafa

Na ji ku ranar Juma'a, a gidan abincin da ke bayan kasuwar Canaan ta nan Guangzhou, kuna cewa waya ta kashe sana'ar tafinta. Wai yanzu mutum ya sauka daga jirgi, ya danna, ya yi magana, ta juya masa zuwa Sinanci, shi ke nan ya zama ɗan gari. Ban tanka ba, domin tuwo ne a gabana, kuma a shekaruna ba a barin tuwo ya huce saboda gardama. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Don haka zan ba ku labarin kalma ɗaya tak ta Turanci, wadda ta kusa rufe masana'antar mutumin da na fi girmamawa a garin nan.

Sunana Habu, kuma ba a makaranta na koyi tafinta ba. A majema na tashi, a Kano, gidanmu jima muka gada. Tun ban kai tsayin kwatarniya ba nake dakan bagaruwa, ina ɗebo toka, ina riƙe wa Baba fata yana kankare gashi da kartaji. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne aikin ƙarshe, na tausasa fata bayan ta sha mai ta bushe. Ka taka gefe ɗaya da ƙafa, ka ja ɗayan da hannu biyu, ka juya, ka sake ja, har kafaɗarka ta fara kuka. In ka kawo wa Baba kana murna, ba ya taɓa ta da yatsa. Sai ya ɗaga ta ya goga a leɓensa na sama, ya miƙo maka ba tare da ya kalle ka ba, ya ce, “Da saura.”

Wani Alhaji mai sayen jakunkuna da takalma ne ya taho da ni Guangzhou, don in riƙa duba masa kaya kafin a loda. Shi ya koma, ni na zauna. Turanci na tsinta a kasuwa, Sinanci a masana'antu, ɗan Faransanci a bakin 'yan'uwanmu na Nijar. Kayan aikina ba su cika aljihu ba: ma'aunin kauri, reza, da ƙyastu na kunna sigari, ko da yake ban taɓa shan taba ba. Ka yanki ɗan ƙyalle ka kusanta shi da wuta. In ya yi ƙaurin gashi, fata ce. In ya narke ya yi ƙaurin roba, ka gaishe da mai shago ka yi gaba. Sauran kayan aikin Allah ne ya ba ni, yatsu da hanci da kunne.

Masu saye kuwa na gan su kala-kala. Mutanenmu na Kano suna son ƙyalli, a hango takalmi tun daga bakin layi. 'Yan zangon Ghana suna son ɗinki mai ƙarfi, sai sun ja hannun jaka kamar za su tsinka shi kafin su yarda. Amma dukkansu, da Larabawa da Turawa, abu guda suke faɗi in sun shiga shago: a ba su mai taushi. Har masu gadin masana'antun fata sun san kalmar nan ta Turanci saboda yawan jin ta.

Ranar da na fara haɗuwa da Lao Chen, faɗa na je yi. Lao a bakinsu kamar a ce tsoho ne, na girmamawa. Yana da ƙaramar masana'anta ta gyaran fata a Shiling, can arewa da gari, inda ake ba fata mai da launi da taushi kafin ta tafi wurin masu ɗinki. An kawo mini fatun awaki daga wurinsa, na ga biyu a ciki sun bushe, na ɗauka na hau mota ina shirya baƙaƙen maganganu da Sinancina mai ɗingishi. Na tarar da wani gajeren dattijo cikin singileti, fuska a murtuke kamar an aiko masa da mummunan labari. Ya karɓi fatar bai ce mini zauna ba. Sai na ga ya ɗaga ta ya goga a leɓensa na sama.

Duk maganganun da na shirya suka gudu. Na tsaya ina kallonsa kamar na ga Baba ya dawo duniya a gajarce. Daga baya na gane dalili ɗaya ne: farar ƙasa da gishiri sun cinye masa jin da ke kan yatsu, sai leɓe ya rage. Ya jefar da fatun biyu gefe, ya ɗauko wasu ya ba ni, ya ce, “Gaskiyarka.” Kalmar kirki ke nan da na samu daga bakinsa a wannan shekarar. Mutum ne da ba ya dariya, ba ya rage farashi, ba ya cewa sannu. In ka tambaye shi abin da ba ya son yi, amsa ɗaya ce, meiyou, wato babu. Amma ban taɓa ganin ya sa wa fata ƙarya ba. Wasu suna shafe tabo da fenti mai kauri su sayar. Shi sai ya zagaye tabon da alli ya nuna maka.

Sai ga shekarar annoba. Wasunku suna gida lokacin, labari kawai kuka ji. An rufe hanyoyi, manyan zaurukan baje koli na Pazhou suka zama kufai, Canaan da ba a samun wurin taka ƙafa ta koma kana jin takunka. 'Yan'uwa da yawa suka tafi. Ni ma mai gidan da nake haya ya ce in nemi wani wuri, ba tare da na yi masa laifin komai ba. Ban faɗa wa Lao Chen ba, a bakin direbansa ya ji. Ya kira ni ya ce akwai wani ɗaki a saman masana'anta da beraye suka dame shi, yana neman wanda zai riƙa korar su. Da na isa na tarar an share, an sa gado, har da tabarma a shimfiɗe. Sun ɗan karkata ta daga alƙibla, amma sun yi ƙoƙari. Na buɗe baki zan yi godiya ya juya mini baya yana faɗa da wani ma'aikaci.

A ƙasan ɗakin nan gangunan suke. Ganga a wannan sana'a wata ƙatuwar aba ce ta katako, mai juyawa da lantarki. A zuba fata a ciki, ta yi ta faɗuwa tana bugun kanta, ta fito tuɓus kamar tsumma. Aikin da ya karya mini kafaɗa a Kano ita take yi ba gumi. Sai dai abu ɗaya: fatar da ta shiga ganga ba ta komawa yadda take. Ƙarfinta ya tafi ke nan har abada. A wannan shekarar gangunan sun yi shiru. Ma'aikata suka ragu, waɗanda suka rage Lao Chen ya ƙi sallamarsu, yana ciyar da su daga abin da ya tara. Dukiyar da ta rage masa a duniya ita ce tarin fatun maruƙa masu kyau da ya saya kafin a rufe hanya. In suka sami mai saye, masana'anta ta rayu. In suka lalace, sai ya sa kwaɗo a ƙofa ya koma ƙauye.

Wani ɗan Nijar mai aika kaya ne ya ba wata mata lambata. Sunanta Amparo, daga ƙasar Kolombiya, harshenta Sifaniyanci. Tana da ɗan wurin ɗinka takalma na musamman, na yara masu karkatacciyar ƙafa, irin mai tsawo da ke kama idon sawu ya tsayar da shi. Wanda ke sayar mata da fata a can ya rufe. Ba ta iya zuwa, ba ta iya taɓawa, sai ta waya muna ganin juna, safiyarmu yammacinsu. Ku yi tunani: sana'ar da gaba ɗayanta a hannu take, ga shi an hana hannu aiki.

Dattijuwa ce mai farin gashi da tabarau a goshi, mai saurin magana. Turancinta na ƙamus ne, a hankali take jera shi. Mutanensu ba sa furta harafin ha, don haka na zama Don Abu, Don ɗin kamar Malam ne a wurinsu. Kalmar da ta kawo mu nan kuwa, soften, wato ta taushin nan, Turawa suna haɗiye harafin ta da ke tsakiyarta, ita kuwa sai ta buga shi da ƙarfi kamar tana kafa ƙusa. Wanda ya kamata ta furta ta bari, wanda ya kamata ta bari ta furta. Na nuna mata fatun ɗaya bayan ɗaya, na auna kauri a gabanta, ta yarda za ta ɗauke duka. Kafin ta kashe waya ta ɗaga yatsa ta ce abu ɗaya ne ba ta wasa da shi, fatar nan dole ta yi wannan soften ɗin, in ba haka ba yaran ba za su iya tafiya ba.

Lao Chen yana tsaye a bayana, ya ji kalmar da ya sani. Ko kafin in ajiye waya ya daka wa ma'aikata tsawa su buɗe ganga. Murna ce, amma shi murnarsa da tsawa take fita. Suka fara ɗebo fatu.

Ni kuwa wani abu bai kwanta mini ba. Ɗabi'ata ce, duk abin da aka faɗa mini da Turanci sai na fara mayar da shi Hausa a cikin kaina kafin in kai shi Sinanci. Na zo zan mayar da maganarta sai ta ƙi shiga. A Hausa dole ka zaɓa: ko dai a tausasa fatar, ko kuma fatar ta yi taushi. Na farko wani ne ke yi mata. Na biyu ita ke yi da kanta. Turanci ya zuba su a kwano ɗaya. Kuma ku lura, matar nan ba ta yi kuskure ba, Turancinta daidai yake ta kowace fuska. Da waya kuka ba wa, za ta juya muku shi tsaf, ta zaɓar muku ɗaya ba tare da ta gaya muku ta zaɓa ba.

Na sha gaban masu ɗaukar fata. Na ce, “Laoban, a dakata zuwa gobe.” Laoban shi ne maigida.

Ya ce, “Gobe? Ni kurma ne? Da kunnena na ji. Kowa abin da yake so ke nan.”

Na ce, “Ka ji kalmar, ba ka ji wanda zai yi aikin ba. Nong ruan take nufi, ko bian ruan?” Su ma suna raba su kamar mu, a mayar da abu mai taushi, ko ya zama da kansa.

Ya harare ni. Can ya ce, “Takalmin wa za a yi?”

Na gaya masa. Na kama idon sawuna na karkatar da shi don ya gani. Ya daɗe yana kallon ƙafata, sannan ya ɗaga wa ma'aikatan hannu suka mayar da fatun. Ya nuna ni da yatsa ya ce, “In gobe ta ce ganga, kai za ka juya ta da hannunka.” Ranar bai ƙara yi mini magana ba, shayin da yake turo mini da la'asar ma ban gan shi ba.

Washegari da safe na kira ta. Na riga na yi shiri. Akwai kakin zuma da ake goge fata da shi, na gutsuro biyu. Ɗaya na ɗora a kan murfin butar shayin Lao Chen mai zafi, na ce ta sa ido a kai. Ɗayan na riƙa murzawa a tsakanin yatsuna har ya saki.

Na ce, “Madam, wannan da nake yi, a Turanci soften ne. Ni nake yi masa.” Na juya waya kan murfin buta, inda ɗayan ya fara zubewa ba wanda ya taɓa shi. “Wannan ma soften ne. Shi yake yi da kansa. Kalmar ba ta canzawa. Wanne kike so? Mu tausasa miki a nan, ko ta yi taushi a can?”

Ta sauko da tabarau daga goshi. Sai ta dafe kai da hannu biyu ta yi wata ƙara da harshensu. “A'a, a'a, Don Abu! Kada ku taɓa! Ablandarse, ablandarse!” Ta yi mini bayani tana haki: a wurinsu in kai za ka yi, ablandar ne, in abin zai yi da kansa sai a liƙa mata 'yar wutsiya a ƙarshe, se. Ta duba ƙamus ta ga kalma ɗaya aka ba duka biyun, ta ɗauka Turawa suna da wata hanyar ganewa. Na ce ba su da ita, Turanci gundumi ne, ba shi da wutsiya. Abin da take so shi ne fata mai tsayuwa, wadda za ta riƙe ƙafar yaro gam ranar da ya sa, sannan a hankali, da zafin jiki da tafiya, ta yi taushi daidai inda ƙashinsa ke turawa, ba ko'ina ba. Fatar ganga tun ranar farko za ta kwanta, ƙafa ta koma inda ta fito. Fata mai tauri zalla kuma za ta yanke yaro, ya ƙi sawa.

Na fassara wa Lao Chen. Ina jiran ya ce meiyou, domin abin da take nema ba a saba yi ba. Sai ya ture ni gefe, ya kawo fuskarsa gaban waya, karo na farko da ya yarda aka gan shi. Ya kama saman kunnensa, wurin guringuntsi, ya lanƙwasa ya saki, ya koma ya miƙe. Ya ce, “Yau.” Sannan ya sauko da yatsu ya kama ƙasan kunnen, inda mata ke hudawa, ya murza. Ya nuna ƙafa, ya yi tafiya da yatsu biyu a kan tebur. Ya ce, “Daga baya.”

A can ƙarshen duniya dattijuwar nan ta kama saman kunnenta, ta kama ƙasa, tana gyaɗa kai tana share ido. Ni tafinta na tsaya a gefe ba aikin yi, kuma ban taɓa jin daɗin rasa aiki kamar ranar ba.

Yadda ya yi aikin nan, har gobe ban manta da shi ba. Ganga ba ta juya ba ko sau ɗaya. Ya haɗa mai da ruwa mai ɗumi, yana gwada ɗumin da gwiwar hannu kamar mai yi wa jariri wanka. Dabarar ita ce man ya shiga can tsakiyar fata ya kwanta, kada ya tsaya a sama, don sai zafin ƙafa ya tashe shi. In ya yi yawa fata ta saki tun yanzu, in ya yi kaɗan ta tsage. Ga shi lokacin nan ne da bango ke gumi a garin nan, tufa ba ta bushewa, komai yana furfura. Ya rataye su a inuwa, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana sauya musu wuri, yana matsar da fanka, yana gogawa a leɓe. Wadda ba ta yi masa ba sai ya cire ya ce, da Sinancinsa, abin da Baba yake cewa: da saura. Na taya shi da abin da na sani na gida, ya karɓi wani, ya yi tsaki ga wani.

Aka loda, aka tafi, muka shiga jira. Wannan jiran ya fi aikin wuya, domin fatar da aka ce sai an sa ta za ta nuna halinta, ba mai sanin gaskiyarta sai ƙafa. Lao Chen ya rame. Kullum da safe zai wuce ta gabana ya kalli wayata. Rannan saƙon murya ya shigo. Ban gane rabin abin da ta faɗa ba, ta manta da Turanci gaba ɗaya, amma a bayanta ana jin ƙarar takun yaro a kan daɓe, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Tana son wasu. Ta kuma gaya wa masu irin sana'arta a ƙasashen da ke maƙwabtaka da su. Lao Chen ya saurara har ƙarshe, ya ce in sake kunnawa. Sannan ya fita ya yi wa mai shara faɗa a kan tsintsiya. Kwaɗon nan bai hau ƙofa ba.

Da aka buɗe hanya, ta zo baje kolin kaka a Pazhou. Na ja Lao Chen da ƙyar, ya sa riga mai maɓalli yana ƙunƙuni. Cikin dubban mutane muka hango wata gajeruwar mata tsaye tana riƙe da ƙasan kunnenta. Ba a buƙaci gabatarwa ba.

Muka zauna shan shayi. Ta buɗe jaka ta fito da wani ɗan takalmi, bai fi tafin hannuna ba, ya sha tafiya har hancinsa ya goge. Na wata yarinya ne da ya yi mata kaɗan, ta ce ta kawo ne mu gani kawai, za ta mayar ta ajiye a shagonta. Lao Chen ya karɓa. Ya matsa wuyan takalmin, yana nan tsaye kamar saman kunne. Ya sa yatsa ciki, daidai inda ƙashin yarinyar ya yi wa kansa gurbi. Sai ya ɗaga ya kai leɓensa. Ya daɗe a haka, har na kawar da kai na ba shi wuri.

Amparo ta matso kusa da ni ta rage murya, idonta a kan Lao Chen. “Don Abu, kalmar nan,” ta sake buga harafin nan kamar ƙusa, “ana faɗinta a kan mutum?”

Na ce ana faɗi.

“Mai wutsiya ko marar wutsiya?”

Na ce wannan kam ba a sa shi a ganga.

Da lokacin tafiya ya yi ta miƙe, ta yi godiya da xiexie ɗin da ta koya a jirgi, ta miƙa masa hannu ya ba ta takalminta. Lao Chen ya murtuke fuska, ya dube ta ido cikin ido, ya buɗe tafukan hannunsa duka biyu.

Ya ce, “Meiyou.”

Igiyar takalmin tana lilo daga aljihun wandonsa, kowa yana gani. Ta kalle ni tana jiran fassara. Na ce, “Madam, wannan ba ya cikin aikina.”